Ranar Da Na Karanta Wa Kakata Mutuwarta

Shekarun baya, tun ina ɗalibi a Gusau, tun ana bin hanyar Tsafe ba tare da an duba agogo ba, ina da wata cuta da har yau ban warke daga ita ba: ba na iya ganin rubutu in wuce. Allon shago, bayan tirela, kwalin magani, duk sai na karanta. Kowace Juma'a kafin in hau motar gida sai na biya wurin masu gwanjon littattafai da ke baza kayansu a ƙasa bakin kasuwa, in tsugunna in yi ta tono kamar kaza. Ba na zaɓe. Na aljanu da takubba ne, na zane ne mai hotuna, na mutanen da ke tafiya taurari cikin jirgi ne, na tarihi ne da bangonsa ya cire, muddin akwai baƙi a kan fari to ya samu mai ɗauka.

Abokiyar karatuna ita ce kakata, wadda ta haifi mahaifiyata. A gidanmu na Tsafe take zaune, idonta ya fara yana, boko kuwa ko harafi ba ta sani ba. Bayan la'asar za ta sa a shimfiɗa mata tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ta aika a kira mata mijinta marar cefane, wato ni. Ina karantawa, na Turanci ina mayar mata da shi Hausa gwargwadon iyawata, ita kuma tana yanke hukunci. Marubutan labarin aljanu ba ta raga musu, cewa take yi ba su taɓa gamo ba shi ya sa suke zuba ƙarya. Littafin zane sai ta kai shi dab da hanci, ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni dalilin da ƙato kamar wannan zai sa matsattsen wando ya hau sama mutane na ganinsa. Ranar da na karanta mata na waɗanda suka yi barcin shekara ɗari a jirgi don su isa wata tauraruwa, abu biyu ta so ta sani: wa suka bar wa awakinsu, kuma ina suke fuskanta in za su yi salla. Da na ce littafin bai faɗa ba, sai ta ce ai da ma ta san karatun nawa na wofi ne.

Sharaɗi ɗaya ta kafa mini, kada in kuskura in riga ta karanta labari. Ta ce in na san ƙarshe muryata na tona ni, daɗin ya tafi. Na kuwa riƙe wannan sharaɗi da gaskiya, kuma shi ya ja mana abin da ya faru.

Wata Juma'a na sauka tashar Tsafe da yunwa, na tsaya wurin wata mai ƙosai. Takardar da ta naɗe mini ƙosan ba jarida ba ce, ba kuma ta jarrabawa ba. Bugun tafireta ne, da Hausa, takardar ta yi ja don tsufa. Ina ci ina karantawa ta cikin maiƙo, sai na ga ana maganar rijiyoyi da maƙera da zuriyar wani ƙauye gaba da Karakkai, a ƙasar Bungudu. Na san sunan ƙauyen nan, can aka haifi kakata. Na tambayi mai ƙosai inda ta samo, ta ce wani mai sayar da tsofaffin takardu ne ya kawo, wai na wani malamin makaranta ne da ya rasu, 'ya'yansa suka share ɗakinsa. Na roƙe ta sauran, na zazzage mata tsofaffin littattafan rubutuna a madadi. Ta bi ni da kallon wanda ya samu taɓuwa, ta miƙo mini abin da ya rage, bai fi shafi ashirin ba.

A nan ya kamata ku san wani abu game da kakata. Ba ta taɓa taka ƙauyen nan da wayonta ba. Gwaggonta ce ta raine ta a Tsafe, kuma abin da aka taɓa faɗa mata bai wuce cewa uwarta ta ba da ita tun tana jaririya ba. Sau biyu kacal uwar ta zo Tsafe. Duka biyun ta zauna ta ba ta baya, ba ta ɗauke ta ba, ba ta kira sunanta ba, ko ruwa in kakata ta kawo mata sai ta ce wa gwaggo a gode wa yarinyar gidan. Wannan ya wuce kunyar ɗan fari da muka sani. Kakata ta tsufa da ciwon abin a ranta. 'Ya'ya mata huɗu ta haifa, ba ta yarda an sa wa ko ɗaya sunan uwarta ba.

Ni kuwa da hankalina na ɗalibi, murna nake yi na samo mata tsaraba. Washegari bayan la'asar na zauna na fara. Da farko abin ya yi armashi. Ana ambaton gidaje tana gyaɗa kai, ta ce ta taɓa jin wannan a bakin gwaggo. Muka zo kan shekarar da baƙon dauro ya shiga ƙauyen, marubucin ya jera gidajen da suka yi rashi. Bakina na gudu, idona bai riga shi ba, sai kawai na ji ina faɗin sunan maƙerin garin, mahaifin kakata, da cewa ya rasa 'yarsa ta goye. Ga sunan 'yar a rubuce, sunan kakata na yanka, har da laƙabin da babu mai kiranta da shi sai gwaggo. Layin ƙarshe ya ce an rufe ta a bayan maƙera, gindin aduwa, kuma kabarin na nan.

Na tsaya da karatun. Kajin gidan ma kamar an ce su daina tono. Ta ce in sake karantawa. Na ce ƙila wata ce mai irin sunanta. Ta ce mahaifinta bai taɓa haifar wata mai wannan suna ba, in sake. Na sake. Sai na ga ta ɗaga hannunta na dama ta dafa damtsenta na hagu, ta matsa a hankali, irin yadda ake taɓa gwanda a ji ko ta nuna.

"To in an rufe waccan," ta ce, "ni wa anka kawo Tsafe?"

Mahaifiyata ta yi mini wankin babban bargo a ranar. Ta ce duk littattafan duniya ban ga na kawowa ba sai takardar ƙosai. Na koma Gusau ranar Lahadi, amma karatu ya ƙi shiga. Da na dawo Juma'ar gaba na tarar kakata ta zabge. Ba ta cin abinci sai an matsa, ta rabar da zannuwanta biyu da tasoshinta, ta daina zama gindin darbejiya. Mahaifiyata ta ce wani lokaci sai kakata ta kira ta, ta ce ta kira sunanta na yanka, wai tana so ta ji ko zai shiga jikinta. Abin da ke cin kakata ba tsoron fatalwa ba ne. Ta ɗauka 'yar gidan ta gaskiya ta mutu, ita kuma tsintacciya ce aka liƙa wa sunan matacciya, shi ya sa matar nan ba ta taɓa iya kallonta ba. Shekara saba'in da wani abu tana fushi da uwa, yanzu ga shi ana neman a ce uwar ma ba ta da ita.

Ba zan ɓoye muku ba, ni ma sai da na fara jin wani iri. In na shiga ɗakinta da rana tsaka na same ta zaune ta zuba wa bango ido, sai tsigar jikina ta tashi, in yi sallama da ƙarfi fiye da kima. Ni da na sha karanta labarin matattu masu dawowa ina cin gyaɗa, ga ni ina tsoron tsohuwar da ta goya ni.

Ita ta yanke shawarar tafiya. Ta ce sai ta ga kabarin da idonta, ko da idon bai gani sosai. Mahaifiyata ta hana, ta yi kuka, kakata ba ta ji ba. Ranar Asabar da sassafe muka hau mota zuwa Gusau, daga nan zuwa Bungudu, sauran hanyar kuma a kan kabu-kabu, na sa ta tsakiya ina riƙe da ita ta baya. Lokacin kaka ne, dawa ta rufe hanya hagu da dama, ba ka jin komai sai ƙarar mashin da karan da ke dukan ƙafarka.

Maƙerar ta daɗe da rushewa, gidan ya zama kufai. Aka kai mu wurin wata tsohuwa da aka ce ta fi kowa shekaru a ƙauyen, gidansu na jikin na maƙeri tun tana yarinya. Muka gaisa, na faɗi daga inda muke, na fara faɗin sunan kakata. Ban kai ƙarshe ba tsohuwar nan ta miƙo hannu ta toshe mini baki. Hannun sanyi ƙalau. Ta waiga bayanta, ta waiga ƙofa, sannan ta saki dariyar da babu haƙori a ciki, ta ce in yafe mata, sabo ne, a unguwar nan ba a faɗin sunan nan da ƙarfi. Ta lalubo fuskar kakata da tafin hannu ta daɗe tana shafawa.

"Ashe kin tsufa," ta ce. "Ashe dabarar ta ci."

Ga abin da ta ba mu labari. Mahaifiyar kakata wabi take yi, 'ya'ya huɗu ta binne kafin ita, babu wanda ya kai yaye. Da baƙon dauro ya shigo gari, tsofaffin matan gidan suka ce abin da ke ɗauke mata 'ya'ya ya san gidan, ya san muryarta, kuma sunan yaro yake bi. Suka yanke a ɓatar da shi. Aka fasa dangar bayan gida aka zura jaririyar ta ƙasa, don kada ta bi ta ƙofa, gwaggo na tsaye a waje ta karɓe ta ta kama hanyar Tsafe. Ita wannan tsohuwa, tana 'yar shekara goma, ita ta riƙe karan dangar. Sannan mata suka fasa kuka, aka naɗe muciya a zanen goyo, maƙeri ya haƙa rami da hannunsa aka rufe. Mutanen gari suka zo gaisuwa. Abin da suka sani ke nan, shi kuma malamin ya ji a zaure ya rubuta. Aka gargaɗi uwar cewa ko ta ga 'yar kada ta dube ta, kada ta kira sunanta, in ba haka ba a biyo sawu. Tsohuwar ta ce jahilcin da ne, Allah ya yafe musu, amma bayan kakata matar ta sake haihuwa ɗaya, shi ma bai tsaya ba.

Ta dogara sanda ta kai mu. Aduwar na nan, ƙarƙashinta ɗan tudu ne da bai fi tsawon hannuna ba, an kewaye shi da duwatsu, ciyawa ta rufe rabinsa. Rana na tsakiyar ka, amma ni sanyi nake ji. Ina tsaye riƙe da hannun mace mai rai a kan kabarinta.

"Kowace Jumma'a uwarki na zuwa nan ta share," in ji tsohuwar. "Mutane na cewa baƙin ciki ya taɓa ta. Ba shi ba ne. Duk duniya nan kaɗai anka yarje mata ta kira sunanki. Sai ta zamna ta yi ta kira, ta yi ta kira, har ranar da ƙafa ta ƙi kawo ta."

Kakata ta zare hannunta daga nawa. Ta durƙusa da kyar, ta fara cire ciyawar nan ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi kuka mai sauti ba. Da ta gama ta zauna dirshan a ƙasa, ta karkata kai kamar mai sauraron kira daga nesa, ta ce, "Na'am, Inna."

Ni ne na yi kukan, ƙato da ni, har tsohuwar na ba ni haƙuri.

Mun koma karatunmu bayan haka, ta ci gaba da zagin marubuta son ranta. Amma ni na sauya. A da ina ɗauka abin da ke jan mu ga littafi shi ne ya ɗauke mu ya kai mu inda ba mu taɓa zuwa ba, ko ƙasar aljanu ko bayan wata, mu ji tsoro na ɗan lokaci mu rufe bango mu tashi. Ban san akwai wanda in ka buɗe shi kai ne a ciki ba, kuma ba a rufe shi. Malamin nan kuskure ya rubuta, bai kuma san ya yi ba, amma ba don kuskurensa ba da kakata ta koma ga Allah tana ganin uwarta ba ta ƙaunarta. Har yau in na ɗauki littafin tarihi sai na ji gabana ya ɗan faɗi, ina tunanin matan da ke cikin gida lokacin da ake ba marubucin labari a zaure.

Shekara huɗu bayan tafiyar nan aka haifi ƙanwata ta wajen kawu, kakata ta aika da kanta a sa wa jaririyar sunan tata uwar. Ba a daɗe ba bayan sunan kakata ta rasu, muka rufe ta a Tsafe. Kabari biyu gare ta, kuma in ina mata addu'a ban san dalili ba, ƙaramin nake fara gani.