Baba Iliya, Wanda Ya Hana Mu Sayar da Waƙarmu

Jama'a, yau ina da labari!

Da safen nan labarin ya iske ni, ina tsaye ina tace koko. Salula ta yi ƙara, na ga lambar Yamai. Lauyar da ke tsaya mana ce. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Hajiya Dije, sun sa hannu. Kuɗin farko ma sun shigo."

Na saki rariyar cikin ƙwarya, na rangaɗa guɗa. Maƙwabta suka shigo a guje, sun zaci haihuwa aka yi.

Ga waɗanda ba su san zancen ba: akwai wata waƙa da na yi ina budurwa, yau kusan shekara arba'in. Wani kamfanin ƙasar waje mai fitar da tsofaffin waƙoƙi ya ɗauke ta haya. Haya na ce, ba saye ba. Za su sa ta a intanet, kuma duk inda aka saurara akwai ɗan abin da zai faɗo mana.

Amma ba don in yi tutiya na ɗauki waya ba. Don Baba Iliya na ɗauka.

Mutanen Tasawa na da sun san shi. Mai gyaran rediyo ne a bakin kasuwa, Kirista, asalinsa manomin Urafan. Rumfa ce da tebur guda, sai wani manyeto mai ɗaukar magana da yake lulluɓe shi da zane kamar jariri.

Ni kuma 'yar Kanan-Bakashe ce. A shekarar da nake ba ku labari, hatsi ya bushe tun bai fid da kai ba. Ruwan rijiyarmu ya yi ta gudu ƙasa, kowane mako sai mun ɗaura wa guga wani guntun igiya. A bakin rijiyar nan na ƙaga waƙar, muna ja muna amshi. "Ƙara Igiya" muke ce mata. Sanda, wani ɗan garinmu mai gurmi, shi ya sa mata kiɗa.

Aka kai mu wasan samariya Tasawa, muka yi ta. Muna tasha za mu koma sai ga wani mutum a kan keke yana haki.

"Ɗiyata, wa ya ƙaga waƙar ga?"

Na ce ni ce.

"To kar ki yarda kowa ya ɗauke ta a kaset sai mun zamna da mahaifinki."

Ashe Baba Iliya ne. Ranar kasuwarmu kuwa ya zo har gida da shawarar mu fitar da kaset namu na kanmu.

Matsalar ita ce kuɗi. Ana son kaset fanko masu yawa, ana son pil, wato batir, ana son kuɗin mota. Banki ba ta san da irinmu ba, kuma a shekarar nan wa ke da rarar da zai ba wani?

Sai Baba Iliya ya tara mutane a gindin gawo. Ya zana layi goma a ƙasa da tsinke, ya ce kaset ɗin kashi goma ne. Biyar na masu waƙa, ni da Sanda da 'yan amshi. Biyar na duk wanda ya zuba kuɗi.

Na ce, "Baba, ai mu ko dala ba mu zuba ba."

Ya ce, "Kun zuba. In babu waƙar, mi za a sayar? Roba?"

A cikin taron akwai Iya Mairo mai kwaɗon zogale. Ta tashi ta nufi gida, can sai ga ta tana jan akuya biyu. Su ke nan gare ta a duniya.

Ban manta abin da Baba ya gaya mata ba, don a nan na fara jin karatun da yau masu kwat ke biyan kuɗi su koya.

"Iya, ki ji da kyau. Wanga ba rance ba ne. Rance, ko an ci riba ko an faɗi, sai an biya ki. Wanga hannun jari ne. In an samu, da ke. In an faɗi, da ke, kuma ba wanda za ki kai ƙara. Sannan ba kuɗin da za ki aiko gobe ki ce a ba ki ki sayi gishiri ba ne. Sai ya yi tahiya ya dawo."

Ta ce, "Na ji. Ga su nan."

Ya ce, "Guda zan karɓa. Ɗayar ki koma da ita jikokinki su sha nono. Abin da in ya ɓace za ki kwana da yunwa, ba a sa shi jari."

Bai ɓoye musu komai ba. Ya faɗa a gaban kowa cewa ya taɓa yin kaset ɗin wani makaɗin kokawa, ko kuɗin pil bai dawo ba. Mutum biyu suka kaɗe riga suka tafi da jin haka. Ya ce gara yanzu.

Ƙarshe aka samu: shi kashi biyu, Iya Mairo guda, wani tela guda, wani mushen lakwal, wato malamin makaranta, guda.

Lokacin mulkin soja ne, kowa na auna bakinsa. Waƙar da ta ambaci rijiya ta ƙafe, dole a kai ta biro, ofishin hukuma, a saurara tukuna, kar a ce zambo ake wa gwamnati. Muka tsaya gaban wani mai kaki na rera masa daga farko har ƙarshe, fuskar nan tasa ba alamar dariya. Da na gama ya ce babu laifi, a tafi.

Baba Iliya bai tafi ba. Ya zaro takardar da mushe ya rubuta mana, mai sunan kowa da kashinsa, da cewa waƙar tawa ce. Ya ce, "Ranka ya daɗe, tunda tampo na kusa, a taimaka a buga mana hatimin a nan."

Aka buga!

Muna fitowa ya kece da dariya har yana riƙe ciki. Ya ce, "Tunda sun iya tampo, mu ma mu ci ribarsa."

A ɗakinsa muka ɗauki waƙar da tsakar rana, an toshe taga da tabarmi, zufa kamar a matse mu. Sau huɗu muna sakewa. A na ƙarshe, wanda ya fi daɗi, jakin maƙwabta ya yi kuka daidai wajen amshi. Pil ya kusa ƙarewa, dole aka bar shi. Har yau kukan jakin nan yana ciki.

Wancan kaset na farko shi Baba ke kira uwa. Daga jikinta ake kwafar sauran. Ya ce 'ya'ya na sayarwa ne, uwa ba ta fita daga gida.

Ba a jima ba aka gwada mu a kan maganar.

Wani ɗan kasuwa daga ƙetaren iyaka ya ji waƙar a tasha, ya biyo sawu har Kanan-Bakashe. Ya ce zai ba da buhu huɗu na dawa a ba shi uwar, waƙa ta zama tasa har abada.

Buhu huɗu! Ku da ba ku ga shekarar ba, ba za ku gane ba. Anza muke ci a gidanmu, 'ya'yan wani itacen daji mai ɗaci. Innata ta jiƙa ta kwana da kwanaki tana sauya ruwa don ɗacin ya fita, sannan mu samu na sawa a baki sau ɗaya a yini. Mahaifina ya ce a sayar. Ni ma na ce a sayar.

Baba Iliya ya ce a'a.

Wallahi ranar na tsane shi. Na yi masa abin da ban taɓa yi wa babba ba, na ɗaga masa murya ina kuka. Na ce, "Baba, takarda ake ci? Kai ka ƙoshi shi ya sa!"

Sai ya juya wajen baƙon ya ce, "Alhaji, sayarwa babu. Amma ga abin da akwai. Mu ba ka ɗiya mai kyau, ka yi ta kwafa kana sayarwa can wajenku, shekara biyu. Nan ƙasar tamu ce. Ka ba da buhu biyu kafin alƙalami. Shekara biyu na cika, ko mu sake zama ko kowa ya kama gabansa."

Aka yi ta ja-in-ja har la'asar. Baƙon ya tashi sau biyu yana dawowa. Daga ƙarshe ya yarda.

Buhu biyun aka raba wa masu kashi, tiya-tiya. Namu bai kai mu ko'ina ba. Bayan kwana uku sai ga amalanke a ƙofar gidanmu da buhun hatsi guda, mai amalanken ya ce bai san wanda ya aiko ba.

Sai da na ga Baba Iliya yana tafiya kasuwa a ƙasa na tambaya ina kekensa. Matarsa ce ta gaya mini ya sayar da shi ya saya mana hatsin. Da na je godiya ya ce, "Wane keke? Gwiwa ce likita ya ce in riƙa motsawa."

Kar ku ɗauka mun yi arziki. Kaset ya shiga motocin haya, daga Mayahi har Maraɗi ana jin muryata, amma masu kwafar sata sun fi mu cin moriyarsa. Abin da ya shigo, sai da aka fara cire kuɗin da aka kashe, sannan aka raba. Sai da damina biyu ta wuce Iya Mairo ta ga kuɗin akuyarta da ɗan ƙari. Tela ya gaji da jira, ya ce wa zai sayi kashinsa ko nawa ne. Iya Mairo ta saya da araha tana murmushi. Allah ya ji ƙanta, yau jikokinta ke da kashi biyu, na riga na aika a nemo su.

Daga nan zamani ya wuce da kaset. Na yi aure, na bar waƙa, na kama sayar da atamfa. Sanda ya rasu. Ni kaina na manta da wata uwa.

Baba Iliya kuwa bai manta ba. Ashe tana cikin akwatin ƙarfe tare da takardar mai tampo. Kowace shekara in damina ta ɗauke sai ya fiddo ta, ya zura alƙalamin bik yana juya zaren a hankali don kar ya manne.

Da mutanen kamfanin nan suka tsinci wani tsohon kwafi suka nemo ni, tayin farko da suka yi na saye ne gaba ɗaya. Kuɗin da suka ambata sai da na zauna. Gaskiya na kusa cewa to.

Sai na ce bari dai in je Urafan. Can Baba ya koma tun da idonsa ya mutu. Rabona da shi ke nan, tun kafin damina.

Na iske shi a kan tabarma a inuwa, ya rame sosai. Ina yin sallama ya ce, "Dije mai faɗa!" Na zayyana masa komai. Da na gama ya ɗaga yatsu uku.

"Ki tambaye su. Shekara nawa? Ina da ina? Kuma in sun ce sai sun cire abin da sunka kashe kafin a raba, wa zai duba lissahin? Ki nemi lauya, ki biya. Kuɗin lauya ba asara ba ne."

Na ce, "Baba, kai fa kana buƙatar magani yanzu. In an sayar, kashinka zai ishe ka."

Ya ce, "Ba nawa ba ne ni kaɗai. Akwai marayun Sanda."

Ya sa 'yarsa Rahila ta ɗauko akwatin ta ɗora mini a cinya. Da zan tafi kuma sai da ya sa aka kamo mini zabo, wai baƙo ba ya fita gidansa hannu sake.

Wata biyar lauya tana fafatawa da su. Abin da aka sa wa hannu yau: shekara bakwai, da kafin alƙalami, da kaso a duk abin da ya shigo, da ikon mu duba lissafinsu. Uwa kuma tana nan hannunmu.

Ina ajiye wayar lauya na kira Rahila. Ta ce, "Yaya, jikin nasa fa sai a hankali, ko kunu ba ya shanyewa." Na ce ta kara masa wayar a kunne.

Na ce, "Baba, sun sa hannu!"

Na ji dariyar nan tasa, ƙasa-ƙasa, har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "To madalla. Dije, yanzu ke ce mai jari. Akwai 'yan mata nan ƙauyukan Mayahi masu murya, ba mai kallonsu. Ki tahi ki saurara."

Na ce na ɗauki alkawari. Na faɗa a nan ne don ku zama shaida.

Yanzu haka jakata na ɗaure, motar Urafan nake jira. Likita zan ɗauka mu tafi tare.

Ya Allah, ga bawanka Iliya, wanda bai taɓa cin haƙƙin kowa ba kuma bai bari an ci namu ba. Ka sauƙaƙa masa ciwon nan, ka ƙara masa kwana cikin lafiya, ka sa ya ci guminsa da bakinsa. Waɗanda suka riga mu tafiya a cikin masu kashin nan, ka yi musu rahama.

Ku kuma da kuka karanta har nan, ba laik nake roƙo ba. Mai zuwa masallaci da mai zuwa majami'a, kowa ya ambaci sunan tsohon nan a addu'arsa ta yau. Ina so in iske shi zaune.