Wanda Ya Tafi Kajiji a Madadina

Shekara huɗu na yi ban taka gidan abokina a Shagari ba, alhali daga Bodinga tafiyar ba ta kai awa guda ba. Tsoro ne ya hana ni, tsoron ya dube ni ya ce ni na jawo masa.

Tare muka koyar a wata sakandare a Bodinga. Shi dogo ne, ya buga ƙwallon kwando a kwaleji, kuma shi ya shafa mini ciwon son wasan. Lokacin hutun tara, sauran malamai na hirar farashin albasa, mu kuwa muna duƙe kan wayarsa muna bin ƙungiyoyin Amurka. Wasan kansa bai dame mu ba kamar shari'ar abin da ya wuce: wace ƙungiya ce ta zaɓi ɗan wasan banza ta bar gwani, wace ce ta ba da matashi ta karɓi tsoho mai ciwon gwiwa. Har maki muke ba su da jan biro, kamar takardar jarrabawa. Ni mai zafi ne, kowane manaja jaki ne a wurina. Mu da ko filin jirgi ba mu taɓa shiga ba.

Sai aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Kajiji, matata na da tsohon ciki, kuma haihuwarta ta fari ta zo da wahala. A wurinmu, idan malamai biyu suka yarda, sai su rubuta takarda su yi musaya. Na roƙe shi. Na ce ai Kajiji ta fi kusa da gidansu. Gaskiya ne, amma na san makarantar tana can cikin ƙauye, na san yadda hanyar take da damina, kuma ban ambata ba. Ya sa hannu a tsaye, bai ko karanta ba.

Matata ta sauka lafiya, mace. Wata biyar bayan nan babur ɗinsa ya zame a laka, motar hatsi ta bi ta kan ƙafarsa. Aka yanke ta daga gwiwa. Na je asibiti sau ɗaya cikin ayarin malamai, na tsaya a baya.

Bara na yi ta maza na je. Na same shi a zaure da hantsi, ya rame, sandunansa jingine da bango. Ya yi mini maraba kamar jiya muka rabu. Bai daɗe ba ya jawo waya, ya ce wani yaro da na taɓa kira asarar zaɓe yanzu shi ke ɗauke da ƙungiyarsa.

"Ka gani, malam? Gaugawar hukunci gare ka."

Na kasa dariya. Na ce, "To tamu musayar fa? Na san halin hanyar nan, ban gaya maka ba."

Ya juya wayar a hannu.

"Ni ɗan ƙasag ga ne, kai za ka gaya min hanyak Kajiji? Na sani. Abin da yai min ciwo, shekara huɗu ba ka taho ba." Sai ya tambayi shekarun yarinyar, na faɗa masa. Ya ce, "Ka taho min da ɗiyar. Ina son in ga abin da anka samu da ƙahwata."

Ba da ɗaci ya faɗa ba, yana murmushi ne. Na ce ranar Asabar, in Allah ya yarda.

Asabar ta zo na ce ana ruwa. Ta gaba na ce tana mura. Gaskiyar ita ce yarinyar ba ta iya zama wuri ɗaya, gudu take yi ko'ina, kuma na kasa jure tunanin ta riƙa tsalle a gabansa. Ina ganin tausayinsa nake ji. Kaina nake tausaya wa.

Bayan girbin gero ƙaninsa ya kira ni, ya ce zazzaɓi ne na kwana uku, an riga an kai shi. Da na je gaisuwa, matarsa ta aiko mini da wata leda daga cikin gida. Takalman wasa ne na yara, farare, sababbi. Ta ce tun Asabar ɗin farko ya aika aka sayo su a Sakkwato.

Na gwada mata a gida. Sun yi mata kaɗan.