Batirin Zuberu Mai Kai Labarin Rasuwa

Zuberu mijin yayata Alima ne, kuma na gaji da shi tun gemuna bai yi fari ba. Ba mugu ba ne. Mutum ne da in ya kafe a kan abu, gara ka je ka yi gardama da bangon masallaci. Ni tela ne, shagona yana kallon ƙofar gidansu a unguwar Maamobi ta Accra, don haka duk wahalar da ya ɗauko wa kansa a gaban idona yake sauke ta.

Gyaran risho da fitilar ƙwai ne abincinsa, amma ba da shi aka san shi ba. A shekarun da nake magana babu tarho a gidajenmu. In an yi rasuwa da asuba ana so a rufe kafin la'asar, alhali dangin mutum ɗaya sun watsu daga unguwar Nima zuwa Sabon Zango, zuwa Fadama, har unguwar Madina can bayan gari. Dole wani ya kai labari. Zuberu yana da tsohon babur Honda da ya saya hannun wani soja tun shekarun saba'in, sai aikin ya faɗo kansa. Ba wanda ya naɗa shi, ba kuma wanda ya taɓa ce masa ya huta.

Yadda yake aikin ne ya cinye shi. Zuberu ba ya faɗin mutuwa injin babur na kuka. Kowane gida ya je sai ya kashe babur, ya sauka, ya yi sallama, ya zauna in an ba shi wuri, ya tambayi lafiyar gida, sannan ya sassauta murya ya faɗi wanda ya tafi. Ko gidaje biyu ne a jere, bango ɗaya, sai ya kashe a nan ya kashe a can. Na sha ce masa, "Akonta," don haka muke kiran suruki a nan, "ka tsaya a bakin layi ka faɗa wa mutum ɗaya mana, ya yaɗa." Sai ya dube ni kamar na yi tusa a sahu, ya ce shi ba tallan kifi yake yi ba.

Baburin yana da maɓallin tayarwa a hannu, amma batirinsa ya daɗe da tsufa, iyakarsa ya ba da ɗan tartsatsin da inji zai kama. Saboda haka da ƙafa yake tayar da shi, shekara da shekaru, gida bayan gida, har gwiwarsa ta dama ta ce ta gaji. Ta kumbura, ta koma kamar ƙullin dokunu, tuwon masarar da ake naɗewa a ganye. Alima ta gasa da ruwan zafi, ta shafa man kaɗanya, ta yi faɗa har muryarta ta dushe. A banza. Ya kai in ya taka sandar tayarwa sai ya kifa kansa a tankin mai ya jira zafin ya wuce.

A wannan halin ne amininsa Mahama ya kwanta. Mahama ɗan albasa ne a kasuwar Agbogbloshie, tare suka sauka Accra suna samari, tare suka kwana a barandar masallaci kafin kowa ya sami ɗaki. Ranar da muka je duba shi, ya rame har ban so kallonsa ba, ya kama hannun Zuberu ya ce, "Abu biyu nike so. Sanatu, kai za ka gaya mata da bakinka, kar ka aika kowa. Kuma kai za ka sauka rami ka karɓe ni." Sanatu yayarsa ce, tsohuwa, tana zaune a Madina, su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Zuberu ya ce, "Yoo, na ji." Muna fitowa ya ce mini gobe in rufe shago, za mu je neman batir. Ya san ƙafar nan ba za ta kai shi ko'ina ba a ranar da za a fi bukatarsa.

Muka shiga kasuwar kayan gyara ta Abossey Okai da tsohon batirin a cikin leda, bakinsa duk farin gari kamar an barbaɗa masa kanwa. Mun sha yawo. Kowane shago sai a miƙo mana mai ƙarfi sha biyu, na baburan zamani, namu kuwa mai shida ne. Wani ya rantse mana sha biyun zai yi, har ma ya fi. Da na biye masa da mun ƙone ƙwan fitila da hon gaba ɗaya. Wani ya fito da mai shida, amma ya fi akwatin baburin faɗi. Wani kuma girman ya yi daidai, kawunan waya ne suka juya, ja a wurin baƙi. Rana ta take, gwiwar Zuberu ta ƙi, ni kuma yunwa ta sa na fara zagin sojan da ya sayar masa da wannan jaraba.

A can ƙarshen layi muka sami Seidu, ɗan Nima ne, ya san Zuberu domin shi ya kai masa labarin rasuwar mahaifiyarsa. Ya ajiye mana guda biyu a kan benci. Ɗaya tsohon Turai ne, wanda ake kira hom-yus, da ruwansa a ciki, a ɗaura a tafi. Ɗayan sabo ne fil, busasshe, sai an zuba masa ruwan batir ya huta, sannan ya sha caji a hankali. Ni na so hom-yus ɗin, don ya fi sauƙi kuma ina so in koma gida. Seidu ya ɗaga shi ga haske ya nuna mana laka a gindinsa, ya ce, "Wannan zai yi maka wata biyu ya bar ka a titi." Zuberu ya zaɓi sabon.

Seidu yana zuba ruwan yana yi masa nasiha. "Baba, batir nan ƙarami ne paa, ƙarami sosai. Duk danna maɓalli da ka yi, ya sha abin da tafiya mai nisa ne kawai zai mayar. Kai kuma daga gida nan zuwa gida nan. Moto nan, babur naka, ya tsufa, ba ya ciyar da batir kamar da. Ka bar inji ya yi ta aiki, ka faɗi magana, ka wuce." Zuberu ya yi murmushi ya ce Allah ya yi masa albarka. Na san wannan murmushin. Ma'anarsa maganar ta shiga ta kunnen nan ta fita ta wancan.

Muka bar batirin wurin wani mai gyaran wutar mota a Kawukudi, kusa da gida, ya sa shi a caji zuwa yammacin washegari. Da daddare aka ɗauke wuta. Da asuba Mahama ya cika.

Ni na je na ɗauko batirin, mai gyaran yana ce mini ko rabi bai sha ba. To, me za a yi? Gawa ba ta jiran caji. A ƙofar gida muka durƙusa. Zuberu ya jawo wayoyin nan biyu, baƙa da ja, daga cikin akwatin. Na kankare kawunan wayoyin da ruwan zafi da yashi har suka yi haske. Ya zaunar da sabon a akwati, ya ɗaure shi da roba, ya ɗaura ja sannan baƙa, ya shafa musu basilin, ya zura siririn tiyon numfashi ƙasa don kada ruwan ya ci ƙarfe. Bai tsallake komai ba. Ya danna maɓalli, inji ya tashi tun bai saki ba. Alima da ke tsaye a ƙofa ta fashe da kuka, ban san na Mahama ba ne ko na gwiwar mijinta.

Na ce masa ya fara da Madina tun batir na da ƙarfi. Ya ce maza na bukatar lokacin rufe shaguna, su zai fara sanarwa. Gaskiya ce, amma ba ita ce duka ba. Tsoron fuskar Sanatu yake ji, shi ya sa ya tura ta ƙarshe.

Sauran labarin daga bakinsa na ji, da bakin waɗanda suka gan shi. Ya bi Nima lungu-lungu, ya shiga Sabon Zango, ya kai Fadama, kowane gida yana kashewa yana tayarwa. Tun a Fadama maɓallin ya fara ja da nauyi. A Agbogbloshie, da ya gama da 'yan albasa, ya danna sai ƙas-ƙas, shiru. Ya gwada ƙafa, gwiwar ta lanƙwashe ya kusa faɗuwa. 'Yan dako suka tura shi cikin caɓin kasuwa, da ƙyar injin ya kama. Daga nan ya san inda yake. In ya sake kashewa, shi ke nan.

Ya isa Madina azahar ta gota. Da a ce ya tsaya a ƙofar gidan Sanatu ya bar inji na aiki, ya kira ta ta fito, ya faɗa, ya juya, da ya iske sallar gawa a Nima da sauran lokaci. Matan gidan sun ce ya ɗan jima a kan baburin, ƙafa ɗaya a ƙasa, yana kallon ƙofar. Sai ya murɗa makulli ya kashe injin.

Ya shiga, ya zauna a tabarma kusa da ita, ya karɓi ruwa ya sha. Ya tambayi ƙafafunta, ta tambayi Alima. Sannan ya matso ya gaya mata. Ta riƙe hannun rigarsa, bai zare ba sai da ta saki da kanta. Da ya fito, maƙwabta suka tura baburin har suka yi gumi, ko tari bai yi ba. Ya jingine shi a bangon gidan, ya ɗingisa zuwa tasha, ya jira tirotiro, bas ɗin haya, ya cika.

Mu kuwa a Nima mun jira shi har liman ya fara duban rana. Jama'a ta cika layi ta malala titi, ban taɓa ganin ɗan albasa ya tara mutane haka ba, kuma duk Zuberu ne ya kira su. Aka yi salla babu shi. A maƙabartar Awudome aka tambayi wa zai sauka, kowa ya waiwaya yana nemansa. Ni na sauka, ni da ban taɓa kwana a baranda da Mahama ba.

Muna fitowa daga ƙofar maƙabarta muka gan shi yana tahowa, yana jan ƙafa, wandonsa duk baƙin mai. Mutane suna ta miƙa masa hannu suna cewa sannu da ƙoƙari, an yi jama'a. Ya ratsa su ya nufo ni. Na kai shi gaban kabarin, ƙasar ko bushewa ba ta yi ba. Ya daɗe a tsaye, domin gwiwar ba ta barinsa ya tsuguna. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma ya fi tausayin yawa, har na kasa riƙe bakina.

Na ce, "Akonta, sau ɗaya tak a rayuwarka. Da ka bar shi yana aiki ka faɗa mata daga ƙofa, wa zai ce ka yi laifi? Da kai ka karɓe shi."

Bai ɗago ba. Ya share fuskarsa da hularsa, ya ce, "Sanatu ba ta ji sosai yanzu. Da sai na yi mata ihu."