Sara Ɗaya a Gindin Maɗaci

Ƙauyen da aka kai ni aure yana tsakanin Karaye da Rogo, kuma a shekarun alif ɗari tara da tamanin babu abin da muke taƙama da shi sai kurmin da ke bayan gari. Itatuwa ne manya a cunkushe, a tsakiyarsu wani tsohon maɗaci, a gindinsa kuma idon ruwa wanda ko rani ya kai ƙarshe ba ya ƙafewa. Can muke ɗebo ruwa, mu da matan Fulanin da ke rugar ƙetaren rafi. Yau a Kano nake sayen ruwa a jarka, kuma wallahi har yanzu bakina yana neman sanyin wancan ruwan.

Mu Kiristoci ne, amma iyayen mazajenmu a Maguzanci suka tashi, kuma a wannan kurmi suke yanka. Surukina shi ne mai kula da wurin tun yana saurayi. Shi ya fi kowa daɗewa bai shigo coci ba. Da tsufa ya kama shi sai ya fara zuwa, ya zauna a bencin baya, hularsa a kan gwiwa, yana bin waƙa da leɓe. Wata Lahadi ya miƙe ya ce yana so a yi masa baftisma kafin ƙasa ta rufe masa ido.

Nan matasa suka taso, mijina a gabansu. Mijina mutumin kirki ne, amma a lokacin ji yake in bai riƙe sama da hannunsa ba za ta faɗo. Suka ce tsoho ya nuna ya rabu da tsafi da gaske: ya sare maɗacin da hannunsa, su kuma su ƙarasa sauran, a yi benci da katakon. Mai bisharar da ke zagayo mana a kan keke yana can wajen Tudun Kaya, babu wanda ya jira shi.

Ni ce mai kai wa surukina tuwo. Na durƙusa, na ajiye, na fita, don suruka ba ta hira da uban mijinta, ko sunansa ba ta kamawa. A kwanakin nan kwanon yakan dawo kusan yadda na kai shi. Wata rana na ji yana ce wa mijina:

"Yaro, na bar yanka, na bar komai. Amma iccen nan me ya yi muku?"

"Baba, in zuciyarka ba ta wurin, me zai hana ka sare shi?"

Tsoho dai tsoro yake ko son da yake wa iccen nan alama ce cewa Allah bai karɓe shi ba.

Ranar Asabar da hantsi ina bakin ruwa da tuluna matasan suka iso da gatura. Surukina ya karɓi ɗaya. Ƙarfi ya ƙare masa, gatarin bai ɗagu sosai ba, saran ya sauka can ƙasa, daidai gwiwar mutum. Ɓawo ya tsage, jan ruwa ya fara tsatsowa. Ya sake ɗaga gatarin, hawaye na bin gemunsa.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Baba, ka yi mini gafara. In ka sare shi, a ina zan ɗebo maka ruwan sha?"

Kowa ya juyo. Mijina ya zaro ido kamar ya ga akuya ta yi magana. Matan zumuntar coci da ke wanki a gefe suka ajiye sabulu, babbarsu ta ce a bari malam mai bishara ya zo tukuna, ita dai ba ta taɓa jin an yi wa icce wa'azi ya ƙi tuba ba. Aka yi dariyar da ba a shirya ba, gatura suka sauka.

Washegari mai bishara ya iso, ya ji labari, ya ce a kwaso tabarmi, yau a kurmi za a yi sujadar Lahadi. Bai yi faɗa ba. Ya ce Allah ya dasa itatuwa tun ba a san tsafi ba, kuma aikin farko da ya ba ɗan'adam shi ne kula da lambu. Ya dubi surukina ya ce, "Baba, shekara da shekaru kana gadin gonar Ubangiji, mai gonar ne kawai ba ka sani ba." A ruwan nan aka yi masa baftisma, a inuwar maɗacin.

Daga ranar ikilisiya ta sa doka: ba a saran ɗanyen icce a kurmi, sai dai a tsinci busasshe. Duk wanda aka yi wa baftisma sai ya dasa ɗaya a gefe, ya riƙa ba shi ruwa har damina. Surukina kuwa kullum yakan kwaɓa laka da kashin shanu ya liƙe saran da ya yi, kamar mai jinyar ƙafar jaki. Ya kuma daina jin nauyina. In na kawo tuwo sai ya ce, "Zauna, mai bakin nan."

Bayan rasuwarsa aiki ya kai mijina birni. Wasu ma suka watse, coci ya rage mutum kaɗan, filin ya shiga hannun waɗanda ba su san dokar ba. Da muka je gida ta'aziyya a ƙarshen shekarun casa'in, rake muka tarar a inda kurmi yake. Idon ruwan ya zama taɓo. Maɗacin an yanke shi da inji, amma sun yanka daga sama, daidai ƙugu, don haka saran Baba yana nan a jikin kututturen, baki, ya haɗe rabi.

Na tsuguna na ɗebi taɓo zan liƙe wurin. Sai na ji mijina ya durƙusa kusa da ni, da furfurarsa da farar rigarsa ta zuwa gaisuwa.

"Ba ni," ya ce. "Ni ya kamata in yi."