Hannuwan da Verlinda Ta Ɓoye

Tsofaffin yankinmu in an kwantar da su a asibiti, Verlinda Etsitty suke fara tambaya. 'Yar yayata ce, amma a hannun mahaifiyata ta tashi, can bayan garin Chinle inda kwalta ke ƙarewa a shiga jar ƙasa. Yarinya ce marar surutu, irin wadda za ka yi wa tambaya da safe ta ba ka amsa da yamma. Tun tana ƙarama take bin tumakin tsohuwa. Da ciwon sukari ya ci ƙafar tsohuwar, ita ce mai wanke gyambon, ita ce mai ɗaurewa, ita ce kuma tafinta a asibiti, don tsohuwa ba ta jin Turanci, ba ta ma da niyyar ji. Ni tuƙi ne nawa.

Da ta ce aikin jinya za ta karanta, babu wanda ya yi mamaki. Ni na kai ta kwaleji a birnin Flagstaff cikin tsohuwar a-kori-kurata, da bargo da ƙullin busasshen naman tunkiya.

Makonnin farko kullum sai ta kira ni.

"Inna, malamar nan ta ce in riƙa kallon ƙwayar idonta in tana magana. Babbar mace fa, ta haife ni!"

"To ki kalli hancinta mana, ina za ta gane?"

A aji kuma kafin malami ya rufe baki an ɗaga hannuwa. Ita tana jira a gama magana, a ɗan yi shiru yadda aka koya mana, su kuwa suna ɗauka ba ta sani ba ne. Abin ya dame ta, amma a hankali ta saba.

Da sanyi ya fara shigowa ta zo hutun ƙarshen mako. Tun daga tasha na ga ba daidai take ba. Hannuwanta na cikin aljihun rigar sanyi, ko gaisawa ba mu yi ba. A gida an yi mata farfesun tunkiya da soyayyiyar gurasa, ta ɗauki nata ta tafi bayan mota ta ci ita kaɗai. Tsohuwa ta miƙe ƙafa a kan buzu tana murmushi.

"Zo, jikalle, zo ki cece ni. Wannan innar taki ɗaurin buhu take yi mini."

"Kaka, bari dai Inna ta yi."

Tsohuwa ta janye ƙafarta a hankali ta rufe da siket. Ni kuwa raina ya yi mummunan ɓaci, na bi yarinyar har shingen tumaki.

"Ke! Daga zuwa birni har kakarki ta fara yi miki wari? Matar da ta goya ki?"

Ta amsa, idonta a ƙasa.

"Akwai wani ɗaki a ƙasan bene, Inna, inda ake koya mana sassan jiki. Mutum ne kwance, an buɗe shi. Malamin ya ɗauko zuciyar, kowa na karɓa yana dubawa. Sai ya zo gabana ya miƙo mini."

"Kika karɓa?"

"Dattijo ne, da furfurarsa. Babba ya miƙo mini abu, in bar hannunsa a sama?"

Ban san lokacin da na ja da baya ba, ita ma ta gani. Mu 'yan ƙabilar Diné ba ma taɓa mamaci, ba ma kiran sunansa, ɗakin da mutum ya cika a ciki ma barinsa ake yi. Abin da ya rage a jikin gawa yana bin hannu ya zo gida, kuma mai rauni yake fara kamawa. Ashe tsoron kada abin ya kama ƙafar kakarta ne ya sa ta ɓoye hannuwanta. Tausayinta ya kama ni, ga kuma tsoro.

Ta ce ɗakin nan za su yi ta shiga har ƙarshen zango, wanda bai shiga ba kuwa ba zai wuce ba. Don haka ta gama shawara, makaranta ta bar ta ke nan. Ni ma a raina hakan na ga ya fi.

Muka shiga muka gaya wa tsohuwa. Tana kaɗa zaren ulu, ba ta daina ba har muka gama. Mu ba ma ambaton mutuwa a kan mai rai, kada a kira ta, shi ya sa da ta buɗe baki sai ta bi ta gefe.

"Wani mutum ya taɓa kwanciya a asibiti," in ji ta. "Da abin ya matso, matarsa da 'ya'yansa suka fita suka zauna a mota, yadda aka koya musu. Daga baya wata mai shara, 'yar ƙabilarmu, ta ce ya yi ta neman ruwa da harshenmu. Masu jinyar mutanen kirki ne, amma babu mai jin abin da yake cewa."

Mahaifina take nufi. Ina cikin motar nan, ban kuma taɓa jin zancen ruwan ba sai ranar.

"Akwai kuma wata tsohuwa," ta ci gaba, "can nesa, ba a nan ba. Ita ma 'ya'yanta za su fita waje, ba laifinsu ba ne. Mutum ɗaya kawai take so wanda zai iya zama." Ta nuna hanyar Flagstaff da leɓenta. "Ki koma, jikalle."

Aka kira mai waƙar tsarki, wato mai maganin gargajiyarmu, tsohuwa ta ba da tunkiyar da ta fi so ladarsa. Ya rera wa Verlinda waƙoƙinsa, aka wanke ta, ya ba ta ƙullin toka ya koya mata yadda za ta kare kanta. Da aka gama, tsohuwa ta sake miƙe ƙafa a kan buzu, yarinya ta durƙusa ta kwance ɗaurin buhuna tana kuka. Ta koma makaranta. Duk ranar shiga ɗakin nan sai ta shafa toka kafin ta sa safar hannu. Da ƙyar ta haye jarrabawar, amma ta haye.

Lokacin haihuwar tumaki ciwon ya hau jikin tsohuwa, muka kai ta asibiti. Da likita ya kira mu gefe ya ce abin ya matso, ni da yayata muka fita muka zauna a mota. Verlinda ba ta fito ba. Rana ta yi ƙasa kafin muka hango ta tana tahowa, hannuwanta cikin aljihu. Ta tsaya nesa da motar, ni kuma na sauke gilashi.

"Ta yi magana?" na tambaye ta.

"Ruwa ta nema, Inna," in ji ta. "Na ba ta."