Ragon da Aka Kai Zariya

Ƙaras-ƙaras na ji daga bayan madafa, kamar ana gurza tsakuwa a kan dutsen niƙa. Da hantsi ne, ina tankaɗe. Na ajiye rariya na zagaya, sai na tarar da ragonmu a turke yana tauna haƙoransa, bakinsa babu komai. Ya ware ƙafafun baya, ya gantsare, yana ta yunƙuri, amma fitsarin ɗigo-ɗigo yake fita.

Na san wannan ƙarar. Haka maigidana yake yi da haƙoransa idan ciwo ya taso masa, don kada 'yarmu ta ji nishinsa. Malamin gandun daji ne, kullum yana kan keke tsakanin Magajin Gari da bakin daji, har tsakuwar ƙoda ta kwantar da shi. Aka sa shi a mota zuwa asibiti a Zariya. Can Allah ya karɓi abinsa, can kuma aka rufe shi. Shi ya sayo ragon tun yana ƙarami, da niyyar layya.

Ina cikin takaba a lokacin. Ina salla, ina girki, ina amsa gaisuwa, amma abinci a bakina kamar auduga. Ko da na ga ragon a haka, tsayawa kawai na yi ina kallonsa, gari a hannuna.

Na aika aka kira wan mijina, shi kuma ya taho da malamin dabbobi. Ina bayan zana ina jin su. Malamin ya lallatsa cikin ragon, ya ce tsakuwa ce ta toshe masa hanya, ba zai tashi ba. Sai ya ce akwai likitoci daga makarantar dabbobi ta Zariya da suka sauka a gari, suna bin rugage da gidaje suna neman masu irin wannan ciwo. A rugagen daji ba su samu da yawa ba, sai a ragunan turke na cikin gari. Da ransa suke son su tafi da shi, su duba shi, in ya mutu su buɗe. Ya ce ƙoda dai ƙoda ce, abin da aka gano a rago yana iya yi wa mutum amfani.

"To fa," in ji Yaya. "Mu ba mu ga ƙofar jami'a ba, rago zai riga mu. Malam, ba ni wuƙa kawai tun bai zama mushe ba."

"Naman ma zarni zai yi, ba zai ciwu ba," in ji malamin.

"Ko bai ciwu ba ya huta. Ke uwar yarinya, kina ji? Dabba ce, ba ta da bakin faɗa. Ki bar ta da wannan azaba har Zariya, a kan hanyar nan?"

Gaskiya ya faɗa, na kuma sani. Ni ce ba na iya tsayawa inda ake yanka kaza.

Na ce, "Malam, me ke kawo tsakuwar?"

"Abin da suke nema ke nan, uwar gida. Wasu sun ce dusa da kanwa, wasu sun ce ruwa."

Rijiya ɗaya gare mu a gidan. Ita maigidana ya sha, ita ragon yake sha. Na juya, sai ga 'yata a gindin randa, moɗa ta rufe mata fuska, ruwa yana bin haɓarta. Ba ta shiga makaranta ba tukuna. Mun yi darasin ƙoda a sakandare, na zana ta da jan fensir har malama ta yaba, amma ba a gaya mana abin da uwa za ta hana ɗanta sha ba.

Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri. A ba su."

Ya ce, "Allah ya yafe mana," ya saɓa rigarsa ya fita.

Bayan azahar Landiroba ta tsaya a ƙofar gida. Likitocin suka ɗebi ruwan rijiya a kwalba, suka ɗebi dusa da kanwa a takarda. Na shiga ɗaki na ɗauko kwalin ashana da maigidana ya ajiye 'yar tsakuwar da ta taɓa fito masa, ba ta kai ƙwayar dawa ba, na miƙa ta saman zana. Wanda ya karɓa ya yi mini ta'aziyya da Hausar da ba ta nuna ba. Da na kwance igiyar, ragon ya jingina goshinsa a gwiwata kamar yadda ya saba in ya ga ƙwaryar dusa. Na shafa shi, na yi bisimilla, na miƙa igiyar. Ban ji komai ba. Na lura dai kunnensa ya yi sanyi.

Daga baya malamin dabbobi ya gaya wa Yaya cewa ragon ya kai Zariya da rai, sun fitar da tsakuwoyi da yawa. Zancen ruwa kuwa, ana kan bincike. Ban sake jin wani abu ba. Tun daga ranar nake tafasa ruwan sha in tace da farin ƙyalle, ban san ko yana magani ba, har yau ban daina ba.

A ranar dai, da ƙarar motar ta ɓace, na koma kan tankaɗena. Yarinyar ta je ta tsuguna a turken, tana wasa da guntun igiyar da ya rage. Ta daɗe a wurin. Sai ta taso ta tsaya a gabana.

"Inna, ke kada ki shiga motar Zariya, kin ji?"