Tsohon da Ke Tambayar Famosa

Da na gama kwalejin horon malamai, zamanin Turawa na ƙarshe-ƙarshe, sai aka tura ni koyarwa wani ƙauye a fadamar Haɗejiya, wajen Baturiya. Ƙauyen a rabe yake. Shekarun baya an tuɓe bulamansu, wato mai garin, an naɗa wani, sai mutanen tsohon bulama suka yi fushi suka haye wani tudu a tsakiyar fadama, wanda ruwa kan kewaye shi da damina. Sunan tsohon garin suke kiran nasu da shi, kuma kowane ɓangare na cewa shi ne na gaskiya. 'Yan tudu ba su yarda sun buɗe maƙabarta ba, don a ganinsu yin haka yarda ce cewa sun zauna ke nan. In an yi musu rasuwa sai su kawo gawar zuwa tsohuwar maƙabarta a kwalekwale.

Ni a tsohon garin nake, nakan zauna a bakin ruwa bayan la'asar in karanta wa masunta jarida. Akwai wani tsoho daga tudu, ƙanen bulaman da aka tuɓe, mai kawo kifi. Ba ya sauka daga kwalekwale. Ya rantse ƙafarsa ba za ta taka garin ba sai sarauta ta dawo gidansu.

Wata rana na karanta labarin ƙasar Sin: 'yan kwaminis sun ci yaƙi, 'yan kishin ƙasa sun tsere tsibirin Famosa, kowa na cewa shi ne gwamnati. Wani masunci ya fashe da dariya.

"Baba, ashe kuna da 'yan'uwa a Sin!"

Tsohon bai yi dariya ba. Ya matso da kwalekwalen har ya taɓa gaɓa.

"Malam, za su koma?"

Na ce, "To, Baba, abin da wuyar faɗa. Wasu na ganin haka, wasu kuma a'a."

"Ranar da suka koma ni ma na koma. Kusa da ubana za a sa ni."

Tun daga nan duk zuwansa sai ya tambaya, "Malam, sun koma?" Ni kuwa ina tsoron in faɗi abin da ban tabbatar ba, ina kuma tsoron in karya masa zuciya. Kullum sai in ce ana dai harbe-harbe ta kan ruwa, ba a sani ba tukuna. Har taswira na aro daga makaranta, ko zan gane wani abu. Ban gane ba.

Wata la'asar, ruwa ya cika, masunta duk sun tafi jan komar kamun kifi, ni kaɗai nake zaune. Sai ga kwalekwalensa ya fito daga cikin ciyawa. Babu kifi a ciki, kuma ban ji ƙarar filafilin tuƙi ba, ko da yake mai yiwuwa hankalina na kan jarida. Yana sanye da farar riga, abin da ban taɓa gani a jikinsa ba. Tsuntsayen fadama sun yi tsit.

"Malam, sun koma?"

Ban san abin da ya taɓa ni ba. Na ce, "Ba su koma ba, Baba. Ina jin kuma ba za su koma ba."

Ya daɗe yana kallon itatuwan maƙabarta ta bayana. Ya gyaɗa kai. Kwalekwalen ya juya ya shige ciyawa.

Washegari ɗansa ya zo da kifi. Na tambayi lafiyar tsoho, ya dube ni.

"Ai Baba ya rasu jiya da hantsi, Malam. Mun yi masa sutura, mun taso da shi za mu kawo shi. Wajen la'asar, muna hango gari, kwalekwale ya ƙi gaba. Mu tuƙa, ya juya. Mu tuƙa, ya juya. Da rana ta kusa faɗuwa liman ya ce mu koma."

A kan tudu suka binne shi, kabarin farko a wurin.

Zai yiwu na rikita ranakun. Na sha gaya wa kaina haka. Mutumin da ya rasu da hantsi ba ya tuƙi da la'asar. Amma har yau in rediyo ta ambaci tsibirin nan, nakan tsaya in saurara har ƙarshe, ko an ce sun koma.